Rabin Askin da Kawu Ya Ƙarasa

Da sunan Allah mai rayawa, mai kashewa, wanda bai tambayi kowa gidan da yake so a haife shi ba.

Shekarar da aka canja takardun kuɗi, mutane suka riƙa wuni a bakin banki a Kazaure suna dawowa hannu wofi, ana kuma tsakiyar hayaniyar zaɓe, a cikinta Allah ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, wanzamin ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Watan Sha'aban ne. Ya haura casa'in, ya tafi da hankalinsa da haƙoransa na ƙasa.

Mun zaci rashin kuɗin mota zai hana mutane zuwa, sai ga ƙofar gida ta cika. Wasu da kwanon gero suka sallami ɗan acaba, wasu suka tako da ƙafa. Fulanin rugagen da ke bayan duwatsu suka zauna tabarma ɗaya da manoman da suka sha rigimar burtali da su a daminar da ta wuce. Tsohon telan garinmu, Kirista, wanda ya zo daga kudu tun yana saurayi, ya zo da kujerarsa ya zauna a gefe yana share ido. Wani tsohon Babarbare, ɗan kasuwa daga Babura, ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga murya yana yi wa Inna, matar Kawu, gaisuwa. Da yake ita Bafillatana ce, akwai wasa tsakaninsu, sai ya ƙara da cewa yanzu tunda maigida ya tafi, baiwarsa ta haɗa kayanta ta koma gidan ubangijinta. Daga cikin gida Inna ta amsa da muryar da ta dishe da kuka, ta ce ya fara biyan nonon da kakansa ya sha a rugarsu tukuna.

Ranar sadakar uku da hantsi, tsohon dagaci ya iso, jikansa na riƙe da hannunsa. Ya daɗe da sauka ya bar wa ɗansa sarauta, kuma shekarunsu ɗaya da Kawu. Aka matsa masa, ya zauna, aka yi addu'a aka shafa. Sai ya sa hannu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ɓangaren hagu na kansa a aske yake tas. Ɓangaren dama kuwa furfura ce tsaye kamar audugar da ba a tsince ba.

Tsofaffin wurin suka dubi juna. Wani ya fara, wani ya kama, kafin ka ce me, zaman makoki ya kaure da dariya. Liman ya yi gyaran murya don ya tsawatar, shi ma ta ƙwace masa, ya rufe baki da gefen rawani. Samari suka yi tsuru-tsuru, suna zaton tsufa ne ya taɓa dattijon. Ganin fuskokinsu ya sa na ɗauki alƙalami, don in ba a rubuta ba, nan gaba kaɗan babu wanda zai san dalilin wannan dariya, kuma wanda bai san dalilinta ba bai san Kawu ba.

Gidan su Kawu gidan aska ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, kakana ke nan, shi ne Sarkin Askan gari. Su ke aski, su ke ƙaho, su ke kaciya, su ne kuma ke yi wa jariri tsagar gidansu ranar suna. A wancan zamani fuskar mutum ita ce takardar shaidarsa. Ka dube shi ka san Babarbare ne ko Badauri, ka san ɗan gidan sarauta ne ko jikan bayin gidan. Kawu yakan ce ubansa ya rubuta asalin garin nan kaf a kumatun mutane, ba da tawada ba.

Ni na san shi yana da tabarmarsa a gindin tsamiyar bakin kasuwa, da zabirarsa ta jar fata da ta koma baƙa don tsufa, da ƙoƙon ruwa, da rediyo rataye a reshe. Yana son gardamar siyasa kamar yadda wasu ke son goro, kuma ban taɓa ganin an kayar da shi ba, don yakan ajiye tambaya mai wuya sai aska ta iso maƙogwaro. A nan kowa yakan yarda da shi. In ya gama ya karkaɗe maka wuya, sai ya ce yanzu faɗi gaskiyar ra'ayinka.

Yana saurayi aka fara siyasa. Wasu mutane suka riƙa zuwa daga Kano a kan kekuna ranar kasuwa, su kifa turmi su hau, su tambayi jama'a: me ya sa talaka zai nome gandun dagaci kafin ya taɓa gonarsa? Me ya sa zai tuɓe takalmi tun daga nesa ya faɗi yana gaisuwa, alhali ba masallaci zai shiga ba? Jam'iyyar talakawa ake ce musu a garinmu. Kawu ya ji, maganar ta zauna masa, ya shiga. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa a lokacin fahimtarsa gajeriya ce. Ya duba ya ga dagaci Bafillace, hakimi Bafillace, mai karɓar haraji Bafillace, sai ya yanke cewa faɗan na Hausawa ne da Fulani.

Abin dariyar shi ne, babban amininsa a duniya ɗan dagaci ne. Tare suka yi karatun allo, tare suka sha bulala, tare suka saci ɗanyar gyaɗa. Kowace Juma'a da safe Kawu yakan je zauren dagaci ya yi masa aski, yana yi yana gaya masa cewa mulkinsu ya kusa ƙarewa. Shi kuwa yana dariya yana cewa in ya ƙare a ba shi riƙon zabira.

Wata Juma'a aka yi suna a gidan dagaci, a sashen bayan gida inda jikokin bayin gidan ke zaune. An daɗe da hana bauta, amma ba a daina yi wa 'ya'yansu tsagar nan uku-uku a gefen baki ba, wadda ke nuna na gidan wane ne. Kakana idonsa ya fara rauni, sai ya tura Kawu. Jaririyar mace ce. Ya aske mata kai, ya yi duk abin da ake yi, ya ɗauko 'yar askar tsaga. Ya ce da ya dubi kumatun nan, sai ya ga kamar allon da aka wanke aka shafa wa farar ƙasa, ba a rubuta komai ba tukuna. Ya mayar da askar cikin zabira, ya miƙa yarinya ya ce ya gama.

Kada a zaci an yi masa guɗa. Kakar jaririyar ce ta fara tashi da faɗa. Ta ce ya mai da jikarta marar gida, gobe in yunwa ta zo wa zai dubi fuskarta ya san a wace tukunya take da rabo? Uban yarinyar kuwa ya miƙe. Ya rako Kawu har bakin ƙofa, ya riƙe hannunsa ya matse, ya sake.

Daga nan Kawu ya zagayo zaure, ya tarar da amininsa yana jira. Ya jiƙa masa kai, ya sa sabulu, ya fara daga dama. Ya kai tsakiya ke nan, aka aiko daga cikin gida cewa wanzami ya ƙi tsaga. Ɗan dagaci, kansa a sunkuye, ya ce masa cikin lalama ya koma ya yi, in ba haka ba mahaifinsa dagaci zai huce a kan gidan su Kawu. Kawu ya ce ba zai koma ba. Ya sake roƙo, ya sake ƙi. A zauren akwai fadawa da baƙi, duk sun zuba ido, sai kunya ta juye wa ɗan dagaci zuwa fushi.

"Kai wane ne da za ka canja abin da aka gada? Kaɗo ɗan Kaɗo, wanzami ɗan wanzami. Aikinka ka yanka inda aka nuna maka."

Kaɗo shi ne sunan da Fulani ke kiran wanda ba nasu ba. Kawu ya sha jin kalmar a bakinsa cikin wasa, amma ranar ba da wasa ta fito ba. Ya goge askarsa a tafin hannu, ya naɗe, ya zubar da ruwan ƙoƙo, ya rataya zabira.

"To, a nemo Bafillace ya ƙarasa," in ji shi, ya fita da takalminsa a ƙafa.

A al'adar wanzaman yankinmu, wani ba ya ƙarasa kan da ɗan'uwansa ya fara sai da izininsa. Wanzaman garin kuwa duk yaran kakana ne. Wannan ya ce hannunsa na ciwo, wancan ya ce askarsa ta dakushe. Haka ɗan dagaci ya je masallacin Juma'a da hula a danne har kunne, ya yi kwanaki a haka, sai da aka ɗauko wani wanzami daga Kazaure wanda bai san zancen ba. Kafin nan labari ya gama kasuwanni. Yara suka sa masa suna Rabin-Kai, sunan da ya bi shi har cikin rawani.

Dagaci bai ɗauki abin da wasa ba. Ya karɓe sarautar aska daga gidanmu, ya hana a kira Kawu suna ko kaciya a cikin gari. Kakana ya yi kwana da kwanaki bai yi wa ɗansa magana ba. Amma ba a sake aika wani ya tsaga yarinyar ba, don bakwai ta wuce, kuma kowa na tsoron kada a sake jin kunya. Haka ta tashi da fuskarta yadda Allah ya yi ta.

Da gari ya ƙi shi, Kawu ya rataya zabira ya nufi rugage, wurin mutanen da yake zagi a kan turmi. Yakan ce dagaci ya so ya hore shi, sai ya sa shi makaranta. A can ya ga lokacin jangali, harajin shanu. Ya ga dattijo mai furfura, mai garke, durƙushe a gaban mai ƙirga, ana yi masa tsawa da Fillanci, harshen uwarsu su biyun. Ya ga an kama saniyar da yara ke shan nononta an tafi da ita, matan ruga na bin ta da kuka. Ya ce a ransa, ashe wannan ma tuɓe takalmi yake yi, shi da ma takalmin nasa na tsohuwar taya ne. Tun daga ranar ya daina cewa Fulani sun danne mu. Ya koma cewa masu hawa sun danne masu tafiya ƙasa.

Dattijon nan shi ne mahaifin Inna. Da Kawu ya nemi aurenta, 'yan'uwanta suka ce ina, Kaɗo, kuma wanzami? Kawu yakan ba da wannan labari yana dariya har da hawaye. Ya ce mutum ba shi da komai sai sanda da buta, jiya aka ƙwace masa saniya, amma yau yana duban ka yana cewa ba ka kai ba. Ya ce a nan ya gane girman kai ba sai da rawani ba. Inna ce ta kashe maganar. Ta ce wa ubanta ita dai mai zabirar nan take so, wanda ya yi masa ƙaho bayansa ya saki. Har ta tsufa ba ta kiransa da wani suna sai Kaɗo, shi kuma in ta kira yakan amsa da "Na'am, ranki ya daɗe."

Inna ce kuma ta gaya mini abin da Kawu ba ya son a faɗa. Wata shekara da ciwon shanu ya yi wa danginta ɓarna, suka ɓoye ragowar garken a wani kwari tsakanin duwatsu don gudun jangali. Ɗan dagaci ne ya rako masu ƙirga. Ya hau dutsen, ya leƙa, ya haɗa ido da Kawu da ke tsaye cikin shanun. Ya juya ya ce wa mutanensa babu komai a nan sai ƙaya. Da na tambayi Kawu, ya ce rabin kai ne da shi, shi ya sa ya ga rabin abin da ke wurin.

A cikin jam'iyya ma bai huta ba. Akwai wani mahauci, jarumin gaske, wanda ya sha ɗauri saboda siyasa, amma kullum maganarsa ita ce ranar da aka ci nasara sai an kori Fulani sun koma inda suka fito. Wata rana a taro Kawu ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi ko da surukinsa za a fara, wanda bara aka raba shi da saniyar tatsa, ko kuwa da Inna da ke dama musu furar da suke sha yanzu. Ya ce ya yi wa Bahaushe ƙaho, ya yi wa Bafillace, ya yi wa Babarbare, in ya zubar da jinin a ƙasa kaza ba ta tambayar na wane ne. Ya kuma tuna masa cewa ɗan kasuwar da ke sayen gyaɗarsu da mudun ƙarya Bahaushe ne tsantsa, da tsagarsa da komai. Mahaucin ya ce wanzami ya auri Bafillatana ya sayar da jam'iyya. Suka yi wata guda ba sa gaisawa, sannan gashi ya dame shi ya dawo tabarma. Daga baya Kawu ne ya riƙa kai masu wa'azin jam'iyya rugage, yana yi musu tafinta da gurguwar Fillancinsa, mata na dariya a bayan bukkoki.

Shekarar da aka soke haraji da jangali ina saurayi, da idona na gani. Manoma da makiyaya suka haɗu a bakin kasuwa, ga kalangu ga sarewa, kowa na rawar da ba tasa ba. A lokacin dagacin da ya hore Kawu ya rasu, ɗansa, aminin Kawu, ne ke kan sarauta. Da yamma ta yi, samari suka ɗau zafi, suka ce sai sun je ƙofar dagaci sun yi masa waƙar Rabin-Kai, wasu har suna cewa a tuɓe masa rawani. Suka isa, suka tarar da Kawu ya riga su. Ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin ƙofar, ya baje askake yana wasawa ɗaya bayan ɗaya a kan dutse.

"Ku koma ku yi rawarku. Haraji muka yi faɗa da shi, ya faɗi. Kan da ke cikin gidan nan kuwa ina da sauran aiki a kansa, kada wanda ya taɓa mini."

Suka yi dariya suka watse. Kawu ya naɗe tabarma ya tafi, bai leƙa zauren ba, dagaci kuma bai leƙo ba.

Haka suka zauna shekara da shekaru. Ba za a ce gaba suke ba, don dukansu sun san hukuncin wanda ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Sahu ɗaya suke sallah. In sun haɗu, wannan ya yi sallama cikakkiya, wancan ya amsa cikakkiya, daga nan babu ko ina kwana. Sauran magana sai ta bakin mutane. Dagaci ya aiko a gaya wa wanzami ana bin sa aski. Kawu ya ce a gaya masa bai musa ba, tabarma na nan gindin tsamiya, ya zo ya bi layi kamar kowa. Dagaci ya ce a zaure aka fara, a zaure za a ƙarasa. Limamai uku suka gaji juna a garin nan, kowanne ya gwada, kowanne ya gaji. Da Kawu ya yi jika, aka ga rago daga gidan dagaci ba saƙo. Da uwargidan dagaci ta rasu, Kawu ne ya fara saran kabari, ya koma gida bai zauna ba.

Mu da muke ƙaunarsu abin ya daina ba mu dariya da suka tsufa. Kowace damina sai mu ga an rage a sa'o'insu, har ya zama saura su biyu. Tsoronmu kada ɗaya ya tafi da wannan abu a tsakaninsu.

Wadda ta warware shi ita ce jaririyar nan da ba a tsaga ba. Yaya muke ce mata, don ta girme ni. An aurar da ita a Achilafiya, inda babu wanda ya karanta komai a fuskarta. Ta yi sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta aurar da 'ya'ya, jikokinta suna makaranta. Duk sallah takan kawo wa Kawu kwalbar mai, tana kiransa Baba. Da ta ji ya kwanta, ta zo ta duba shi, ta ga yadda jikin ya yi, ta fito ta wuce gidan tsohon dagaci, gidan da aka haife ta. Jikansa ya ba mu labari. Ya ce ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce ita ce sanadin wannan rigima tun tana 'yar kwana bakwai, yanzu ga ta da furfura, ba ta so ta je gaban Allah da tsofaffi biyu rataye a wuyanta. Ta ce Baba dai ba zai iya zuwa zaure ba ko ya so, ƙafa ta ƙi.

Tsohon ya sallame ta kawai. Amma tun daga ranar ya hana a taɓa kansa. In jikansa ya kawo mai aski, sai ya kore shi. Gidan suka zaci rikicin tsufa ne. Ashe tara gashi yake, don kada ya je wa wanzami hannu wofi.

Wata Juma'a da hantsi ina zaune wurin Kawu a zaurensa, mun jingina shi da bango, Yaya na ciki tare da Inna, sai muka ji sallama. Tsohon dagaci ne, da sanda, da jikansa a baya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana fama da wani abu a ƙasa. Da na leƙa, sai na ga takalmi yake tuɓewa. Jikan ya sunkuya zai taimaka, ya ture hannunsa. Ya shigo da ƙafa tsirara, ya zauna a tabarma, ya cire hula.

Kawu ya dube shi, ya dubi takalman a waje.

"Ranka ya daɗe, mayar da takalminka. Mun yi shekaru muna faɗa kada kowa ya tuɓe wa kowa."

"Ban tuɓe don kai ba, Kaɗo. Ƙafar ce ta kumbura."

 Sannan tsohon dagaci ya ce, a hankali, yana duban tabarma, maganar da ya faɗa a zaure ranar nan ya daɗe yana so ya mayar da ita cikinsa, ba ta mayuwa. Ya ce yarinyar nan ta zo ta durƙusa a gabansa, ya dubi fuskarta, ya ga wanzami ne ya yi daidai. Kawu ya ce shi ma yana da tasa. Ya ce ya bar amini a tsakiyar mutane da sabulu a ka, alhali ya san tsoron ubansa ne ya yi magana da bakinsa. Ya ce kuma shanun kwari bai taɓa yin godiya ba. Tsohon ya ce wane shanu, shi ƙaya ya gani.

Kawu ya ce in miƙo zabira. Na ji tsoro, don hannunsa rawa yake har cokali ba ya riƙewa. Yaya ta kawo ruwa a ƙoƙo ta tsaya daga bakin ƙofar ciki, Inna a bayanta. Sai gardama ta tashi a kan wane ɓangare ne ya rage. Tsohon dagaci ya rantse hagu aka aske, dama ta saura. Kawu ya ce shi bai taɓa fara kan Musulmi daga hagu ba, kuma mai kai ba ya ganin kansa. Inna ta ce daga ciki, in ba su yi sauri ba za a yi Juma'a babu su.

Ya jiƙa hagu, ya sa sabulu, ya yi bisimilla. Allah shaida, da askar ta taɓa fata rawar hannun ta tsaya. Ya bi a hankali tun daga goshi har ƙeya, yana goge aska a tafin hannu kamar yadda ya saba, tsohon dagaci ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarma yana cewa sabulu ne. Da ya kai tsakiya daidai, Kawu ya naɗe aska ya mayar cikin zabira.

Tsohon ya shafa kansa, ya ji dama na nan da gashinta.

"Wanzam, ba ka gama ba."

"Na gama. Rabi kake bi na, rabi na biya. In kana son ɗaya gefen, sabon aski ne, ka dawo Juma'a mai zuwa ka bi layi."

Dariyar da suka yi ta sa su tari, sai da muka ba su ruwa. Tsohon dagaci ya sa hularsa, ya ce zai dawo. Juma'ar ba ta riski Kawu ba.

Shi ya sa ya cire hula a wurin makoki. Da dariya ta lafa, jikansa ya raɗa masa cewa in sun koma gida a kira mai aski ya daidaita. Ya ce a'a, ya kira Kawu da sarautar da ubansa ya karɓe daga gidanmu. Ya ce kan da Sarkin Aska ya fara, babu wanzamin da zai ƙarasa sai da izininsa, shi kuwa ya tafi bai bayar ba. Ya ɗaga hannu ya ce jama'a su shaida, abin da yake bi an biya shi, shi ma abin da ake bin sa an yafe masa, babu sauran komai tsakaninsu sai alheri.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya tashe shi a ranar da ba a duban fuskar kowa don a san gidansu. Amin.